RUWA BA YA TSAMI BANZA: MATSALOLIN SHAFINMU NA INTANET DA HANYAR MAGANCE SU

Laccar da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a ɗakin taro na makaranta

  



GABATARWA

Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga ya dace a ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin ɗakin nan akwai malaman da har gobe ba na iya haɗa ido da su. Umarni aka ba ni, na kuwa karɓa, domin kula da irin waɗannan shafuka yana cikin aikin da nake yi a ma'aikatarmu.

An ce in yi magana a kan shafin ƙungiyarmu na intanet, saboda koke-koke uku da suka yi ta zuwa wa Sakatare. Na ɗaya, shafin yana da nauyi, mutum ya taɓa shi ya yi ta jira har ya gaji. Na biyu, idan aka rubuta sunan makarantarmu a Google, namu ba ya fitowa, sai dai shafukan wasu. Na uku, fom ɗin biyan kuɗin ƙungiya da na neman tallafin karatu sukan ƙi aiki, kuma sai a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Saboda haka aka kawo shawarar a watsar da shafin a ba da kwangilar gina sabo, kuma za mu kaɗa ƙuri'a a kan wannan shawara bayan sallar azahar.

Jama'a, kuɗin wannan kwangila daga asusu ɗaya zai fito da kuɗin da muke biya wa marayun makarantar nan jarrabawar WAEC da NECO. Don haka roƙona shi ne kada mu yanke hukunci kafin mu yi bincike. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace daga cikin matsalolin nan tana da sanadi, ana iya gano sanadin, kuma yawancin kayan binciken kyauta ne. Idan muka gina sabo ba tare da mun san abin da ya kwantar da tsohon ba, to, nan da shekara biyu za mu sake zama a ɗakin nan muna wannan magana.

MENE NE SHAFIN INTANET?

Bari in ɗan yi shimfiɗa domin mu tafi tare. A shekarar 1989 wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Jeniba, ya kawo shawarar tsarin da muke kira yanar gizo, a 1991 kuma aka buɗe shi ga jama'a. Shafin farko rubutu ne zalla, babu hoto ko ɗaya. Na yau kuwa sun zama kamar gida, kuma abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi gidan.

Akwai adireshi, wato sunan da ake rubutawa a kai ga shafin. Haya ake biya a kansa shekara-shekara. Waɗanda suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su. Akwai masauki, wato wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ke kunne dare da rana tana ɗauke da duk abin da ke cikin shafin. Ita ma haya ce. Akwai manhajar da aka yi ginin da ita. Namu an yi shi da WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke aiki da ita. Na huɗu su ne kayan da ake jonawa a jikin ginin: rigar da ke ba shafi kamanninsa, da ƙananan manhajoji da masu sana'ar ke kira fulogin, waɗanda ke ƙara masa aiki, kamar fom ko ma'ajiyar hotuna ko karɓar kuɗi.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne, idan aka ce "shafi ya lalace", sai mu tambaya wanne daga cikin huɗun. Ba a rushe gida don famfo yana zuba.

MATSALA TA FARKO: NAUYIN SHAFI

Abu na farko da likita ke yi shi ne ya tantance ina ne ke ciwo. Tsakanin wayar da ke hannunka da sabar akwai zango da yawa: wayar kanta, layin kamfanin sadarwa, manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, sannan sabar. Da yawanmu za su tuna ranar 14 ga watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Wanda ya je ya tsare mai kula da shafinsa a wannan rana, ya zalunce shi. Saboda haka gwajin farko mai sauƙi ne: a buɗe wasu shafuka daban, a gwada da layin wani kamfani, a sa wani ɗan'uwa da ke wani gari ya gwada. Idan kowane shafi ya yi nauyi, laifin layi ne. Idan namu ne kaɗai, ciwon na cikin gida ne.

Sai dai a kiyayi shaidar mai kula da shafi, ba don yana ƙarya ba, sai don gwano ba ya jin warin jikinsa. Kwamfutarsa ta riga ta adana hotuna da sauran kayan shafin tun ziyarar jiya, kuma yana zaune a ofis mai layi mai ƙarfi. Shi a wurinsa shafin na buɗewa nan take. Wanda ya kamata a tambaya shi ne yaron da ke ƙauye yana neman tallafin karatu da tsohuwar wayar yayansa.

Bayan haka sai awo. Kamfanin Google yana da ma'auni na kyauta mai suna PageSpeed Insights. Ana rubuta adireshin shafi, cikin ɗan lokaci ya kawo sakamako tare da jerin abubuwan da ke jawo nauyi. A 2020 kamfanin ya fitar da mizanin da yake ɗauka lafiyayye ne, ya kuma fara la'akari da shi wajen jera shafuka a 2021. Daga ciki, ana son babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A watan Maris na 2024 aka sabunta ma'aunin saurin amsawa, inda ake son shafi ya amsa taɓawar yatsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Wani binciken da kamfanin ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu ziyara ta waya suna juyawa idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba.

To me ke jawo nauyi? Babban mai laifi a irin shafukanmu shi ne hoto. Duk wanda ya buɗe shafinmu na farko zai tarar da hotunan taron bara, an ɗora su yadda suka fito daga waya. Malaminmu na lissafi yana zaune, sai ya bi ni da alƙalami. A ce hoto ɗaya megabait 4 ne, kuma akwai hotuna 20. Megabait 80 ke nan. Kowane bait bit 8 ne, saboda haka muna da megabit 640. Idan layinka yana kawo megabit 2 a daƙiƙa, za ka jira daƙiƙa 320, wato minti 5 da daƙiƙa 20. Bugu da ƙari, wanda ya sayi data ta gigabait 1, buɗewa 12 za ta kusan cinye ta. Amma idan aka rage kowane hoto ya koma kilobait 150, wanda a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba, duka 20 ɗin megabait 3 ne, jiran kuma ya koma daƙiƙa 12. Idan aka bar hotuna 3 kacal a shafin farko, aka mai da sauran ɗakinsu daban, magana ta ƙare. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo.

Na biyu shi ne nisa da ingancin masauki. Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa haske ma yana da iyakar gudu. A cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan sabar tana nisan kilomita 10,000, zuwa da dawowa kaɗai kashi ɗaya bisa goma ne na daƙiƙa, kuma sai an yi wannan kai-komo sau uku ko huɗu kafin shafi ya fara sauka. Maganin wannan shi ne kamfanonin da ke ajiye kwafin shafi kusa da masu karatu, kamar Cloudflare, wanda ke da ma'ajiya a Legas, yana kuma da tsari na kyauta. Game da inganci kuwa, masauki mafi araha kamar gidan haya ne da ɗaruruwan mutane ke layi a famfo ɗaya. Idan maƙwabci ya yi baƙi, kai ma ka rasa ruwa. Araha dai ba ta ado.

Na uku shi ne maimaita aiki. A bisa al'ada WordPress tana harhaɗa shafi sabo ga kowane mai ziyara. Kamar akawu ne wanda duk wanda ya zo neman sanarwa sai ya zauna ya sake buga masa ita da tafireta, maimakon ya gurza kwafi ɗari ya ajiye a kan tebur. Akwai hanyar sa sabar ta ajiye shafin da ta riga ta harhaɗa ta riƙa miƙawa. Sai dai a kula, ba a yi wa shafin fom ko na biyan kuɗi wannan ajiya, domin kowa da nasa bayanin.

MATSALA TA BIYU: RASHIN FITOWA A GOOGLE

Injin bincike yana aiki ne mataki uku. Da farko yana aika wata manhaja mai suna Googlebot ta riƙa bin shafuka tana karantawa. Sannan ya shigar da abin da ta karanta cikin kundinsa. Daga nan ne, idan mutum ya yi tambaya, yake jera shafukan da ke cikin kundin, wannan na ɗaya, wancan na goma. Iyayenmu malamai sun fi kowa sanin cewa yaron da ba a sa sunansa a rajista ba, ba zai zo na ɗaya ba, ba kuma zai zo na ƙarshe ba. Saboda haka kafin a yi maganar matsayi, a fara tabbatar da rajista.

Gwajin kowa zai iya yin sa yanzu da wayarsa. A rubuta site: a Google, a bi shi da adireshin shafinmu ba tare da barin fili ba. Abin da ya fito zai nuna ko muna cikin kundin. Idan babu komai, akwai wurare biyu da za a fara dubawa. A cikin WordPress, a sashen saitin karatu, akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su sa shafin a kundi. Masu gini sukan sa masa alama yayin da suke aiki, don kada a ga gini bai kammala ba, kuma sau da yawa akan miƙa shafi an manta ba a cire ba. Wuri na biyu wani ɗan fayil ne mai suna robots.txt, wanda aka fara amfani da shi tun 1994. Shi ne maigadin ƙofa, layi ɗaya a cikinsa ya isa ya kori Googlebot daga shafin ɗungurungum.

Hanya mafi tabbaci ita ce ƙungiya ta yi rajista da Google Search Console, wadda ita ma kyauta ce. A nan Google da kansa zai faɗi waɗanne shafuka ya shigar, waɗanne ya ƙi, da dalilinsa. A nan ne kuma ake miƙa masa taswirar shafi, wato jerin duk adiresoshin da ke ciki. Tun daga fitowar WordPress 5.5 a watan Agusta na 2020, manhajar da kanta take haɗa wannan taswira.

Idan an tabbatar da rajista, sai maganar matsayi. A nan ma akwai abin da ido ke gani. Taken shafinmu na farko kalmar Turanci ce guda ɗaya mai nufin "gida". Miliyoyin shafuka suna da wannan take, ta yaya za a gane namu? Kamata ya yi taken ya ƙunshi cikakken sunan makaranta, da garin da take, da sunan ƙungiya. Har ila yau, yawancin sanarwarmu hoton takarda ne aka ɗora. Mutum yana iya karanta shi, amma inji rubutu na ainihi yake dogara da shi. Duk sanarwar da aka ɗora a hoto, a rubuta ta a ƙarƙashinsa. Ga masu rubuta mana da Hausa kuma, a yi amfani da haruffa masu lanƙwasa na gaskiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a kuma ambaci sunan makaranta yadda jama'a suka saba kiranta, da tsohon sunanta, domin da shi yayyenmu za su neme ta.

Akwai wasu abubuwa uku da ke taimakawa. Na ɗaya, wasu shafuka masu mutunci su riƙa nuni zuwa namu, kamar shafin makaranta da shafukanmu na Facebook, domin tun kafuwar Google a 1998 yake ɗaukar irin wannan nuni tamkar shaidar da mutanen kirki ke yi wa mutum. Na biyu, takardar tsaro, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun 2014 Google yake la'akari da ita, tun watan Yuli na 2018 kuma Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Wa zai biya kuɗi a shafi mai wannan tambari? Let's Encrypt tana ba da takardar kyauta, amma ba ta wuce kwana 90, sai an saita ta tana sabunta kanta. Na uku, Google yanzu fuskar shafi ta waya yake dubawa, aikin da ya fara a 2018 ya kuma sanar da kammala shi a 2023. Abin da ya yi kyau a kwamfuta amma ya hargitse a waya, a wurinsa hargitsattse ne.

In ja kunnenmu a kan masu aiko da wasiƙa suna cewa a biya su za su kai shafi matsayi na ɗaya cikin mako guda. Google da kansa ya bayyana cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci. Wasunsu ma cusa kalmomin ɓoye suke yi a bayan shafi, alhali tun 2009 kamfanin ya sanar ba ya amfani da wannan gurbi na kalmomi wajen jerawa. Gyara na gaskiya yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin a ga tasirinsa, sai an yi haƙuri.

Wannan ya kawo ni ga shawarar da ke gabanmu. Idan aka gina sabon shafi aka sauya adiresoshin ciki, duk wanda ya bi tsohon adireshi zai tarar da lamba 404, wato ba a sami shafin ba, ɗan sanin da Google ya yi mana kuma ya tafi. Sai an bi tsofaffin adiresoshi ɗaya bayan ɗaya an yi musu abin da ake kira juyi na 301, kamar yadda wanda ya tashi daga gida yake barin saƙon inda ya koma. Ashe sabon gini ma yana iya ƙara ɓatar da mu.

MATSALA TA UKU: RIKICIN FULOGIN

A ma'ajiyar WordPress akwai fulogin na kyauta sama da 50,000, kuma mutane daban-daban ne suka rubuta su, yawancinsu ba su san juna ba. Jona su kuwa taɓawa ɗaya ce. Shi ya sa za ka ga shafin ƙaramar ƙungiya yana ɗauke da talatin ko arba'in, kowane Sakatare ya zo ya ƙara nasa, babu mai cirewa. Kowane ɗaya yana ƙara wa sabar aiki, wasu kuma suna karo da juna, kamar a sa masu girki biyu a tukunya ɗaya.

Akwai kuma matsalar tsufa. An rubuta WordPress da wani harshen kwamfuta mai suna PHP, wanda shi ma ake sabuntawa. An daina kula da PHP 7.4 a watan Nuwamba na 2022. Idan kamfanin masauki ya ɗaga sabar zuwa sabon zubi, fulogin ɗin da mai shi ya yi watsi da shi tun shekaru yana iya tsayawa cik, ya bar farin shafi ko lamba 500, wato sabar ta ci karo da kuskure. Sai a ce ai babu wanda ya taɓa komai, kuma gaskiya ne, rashin taɓawar ce ta jawo.

Yaya ake gano mai laifi? Da hanyar da aka koya mana a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar nan, wato abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta abin da aka gani. Da farko a ɗauki cikakken kwafin shafi a ajiye. Sannan a yi gwajin a kan wani kwafi na gwaji, ba a kan wanda jama'a ke amfani da shi ba. A tambaya: yaushe abin ya fara, me aka sauya a ranar? A duba littafin kurakurai da sabar ke rubutawa, domin sau da yawa sunan fulogin ɗin yana ciki ƙarara. Idan bai nuna ba, a kashe dukkansu a mai da shafi cikin rigarsa ta asali. Idan matsalar ta tafi, an san unguwar da ɓarawo yake. Daga nan sai rabawa biyu. A ce guda 32 ne kuma mai laifin ɗaya ne. A kunna 16 a gwada, za a san ko yana cikinsu ko cikin sauran. A sake raba rukunin da yake ciki, 8, sannan 4, sannan 2, sannan 1. Gwaji 5 kacal an kama shi. Tun daga WordPress 5.2 ta 2019 ma, idan fulogin ya kayar da shafi, manhajar takan aika wa mai kula da shi imel da hanyar shiga ta gaggawa. Abin tambaya shi ne, akwatin wa wannan saƙo ke faɗawa?

Game da fom ɗin tallafin karatu, a lura cewa wani lokaci fom ɗin lafiyarsa lau, saƙon ne ba ya isa. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharaɗi a kan saƙon da ba shi da shaidar cewa daga adireshin da ya ambata ya fito. Irin wannan saƙo yakan faɗa akwatin tarkace, ko a ƙi karɓarsa. Yaro ya cika fom yana jiran amsa, kwamiti kuma yana cewa bana babu masu nema. Saboda haka a saita shaidar aikawa, a kuma sa fom ya riƙa adana kowace takarda a cikin shafin kansa.

Haɗari mafi girma shi ne kutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Satumba na 2020 an gano ɓaraka a wani fulogin mai suna File Manager, wanda ke kan shafuka sama da 700,000, masu kutse kuma suka yi ta kai hari a kan waɗanda ba su sabunta ba. Mafi muni su ne fulogin na kuɗi da ake samu "kyauta" a bayan fage. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa an dasa musu ƙofar baya. Shafin da aka yi wa kutse yakan yi nauyi, yakan cika da tallan caca a ɓoye, Google kuma ya yi masa tambarin haɗari. Kun ga ke nan matsalolinmu uku suna iya zama reshen bishiya ɗaya.

MAKULLAN SUNA HANNUN WA?

Duk abin da na lissafa ba zai yiwu ba sai da makullai, wato kalmomin sirri na adireshi da na masauki da na shafin kansa. A ƙungiyoyi da yawa, har da ma'aikatun gwamnati, makullan suna hannun ɗan kwangila, ko wani tsohon jami'i da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma da imel ɗinsa na kansa aka yi rajista. Ranar da hayar adireshi ta ƙare, takardar tuni tana zuwa inda babu mai karantawa. Wannan ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai yake samu ba. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft bai sabunta adireshin passport.com ba, masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai wani bawan Allah da ba ma'aikacin kamfanin ba ne ya biya dala 35 abin ya dawo.

Haka maganar kwafin ajiya. A ranar 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar sabar ta kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa. Miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu kuma suka yi asarar bayanansu har abada, domin kwafin da suka dogara da shi yana wuri ɗaya da na asali. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daɗin daɗawa, shafinmu yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar mambobi da bayanan yara marayu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Kafin doka ma, amana ce, kuma za a tambaye mu.

SHAWARWARI

Mai girma Shugaba, ina gabatar da waɗannan shawarwari ga wannan zaure:

1. A jingine ƙuri'ar gina sabon shafi har tsawon mako shida.

2. A naɗa kwamitin mutum uku daga cikinmu ya yi binciken da na bayyana, ya kawo rahoto a rubuce, da awon da ya ɗauka kafin gyara da bayan gyara.

3. A mai da rajistar adireshi da masauki da sunan ƙungiya da imel ɗin ƙungiya. Makullan su kasance a hannun Shugaba da Sakatare, a kuma sa su cikin takardar miƙa mulki.

4. A rage nauyin hotuna, a cire duk fulogin da ba a amfani da shi, ba a kashe shi kawai a bar shi ba.

5. A riƙa ɗaukar kwafin ajiya kowane mako, a ajiye shi a wani wuri daban da masauki, a kuma gwada mai da shi sau ɗaya a kowane zangon karatu.

6. A sa hayar adireshi da masauki cikin kasafin kuɗi na shekara, a rubuta ranakun ƙarewarsu a littafin Ma'aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. A jawo ɗaliban makarantar nan biyu ko uku masu sha'awar kwamfuta su riƙa koyon aikin a ƙarƙashin kulawar malaminsu, domin su ne za su gaje mu.

KAMMALAWA

Idan kwamiti ya gama bincike ya tarar ginin ya ruɓe tun daga tushe, ni ne zan fara ɗaga hannu a gina sabo, kuma a lokacin za mu san abin da za mu rubuta a takardar kwangila. Idan kuwa ya tarar hotuna ne da wani ɗan akwati da fulogin biyu ko uku, to kuɗin ya koma inda ya fi dacewa, wato kuɗin jarrabawar ƙannenmu.

Ina godiya ga iyayenmu malamai da suka koya mana mu auna kafin mu yanka, Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da 'yan'uwanmu ɗalibai, Allah Ya jiƙansu da rahama. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya haɗa kan wannan ƙungiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya, amin.